Madubin da Na Ara wa Gwadabe

Juma'a, 5 ga Agusta, 1955

Bayan la'asar mun hau Dala ni da Gwadabe, kamar kowace Juma'a. An sha ruwa jiya, gari ya wanku tas. Ko babu madubi ana ganin ƙubbar sabon masallaci, da kududdufai suna ƙyalli tsakanin gidaje, da gero a cikin ganuwa ya soma fitar da kai. Da na zare madubin kuwa, masu shigowa ta ƙofa da jakuna har ina bambanta mai rawani da mai hula.

Madubin hangen nesa ne na kakana, na tagulla, wanda ya zo da shi daga Tarabulus cikin ayari. Umma ta ce da shi yake hango 'yan fashi tun ba su iso ba. Ni jirgin sama nake kallo da shi yana sauka can bayan Fagge.

Mutane sun taru, kowa ya sa ido. Dokata ɗaya ce, kowa ya san ta: a kalli ganuwa, a kalli kasuwa, a kalli jirgi, amma ba a juya shi cikin gidan kowa.

Da suka watse Gwadabe ya karɓa. Na san inda zai juya. Gidan Alhaji Lawal mai goro, nan gindin dutsen, inda Mero, matar da ya saki, ta yi sabon aure, ta tafi da 'yarsu 'Yardada. Alhaji ya hana shi ko tsayawa a ƙofar zauren. Na sunkuya ina gyara takalmi kamar ban gani ba.

"Ta yi tsawo, Abdu," in ji shi. "Wai kaza take bi."

Mutumin da muka yi karatun allo a tabarma ɗaya, me zan ce masa?

Lahadi, 14 ga Agusta

Zazzaɓi. Ban buɗe rumfa ba, agogunan mutane suna can a Ƙofar Wambai suna jirana. Matata Ruqayya ta dafa mini sabara, ɗaci kamar me.

Litinin, 15 ga Agusta

Gwadabe ya zo dubiya, hannunsa duk rinin fata, daga wurin dukanci yake. Ya ce ya kai maganar 'Yardada gaban alƙali, yana neman a ba shi ita ta zauna wurin mahaifiyarsa. An ɗaga sai bayan damina. Dangin Mero suna cewa ba shi da natsuwar riƙon yarinya.

Da zai tashi ya tsaya yana murza hula. Ya ce in ara masa madubin gobe, sau ɗaya tak. Ya ji an ce yarinyar ba ta da lafiya, yana so ya ga ko tana fitowa tsakar gida.

Ban taɓa barin madubin nan ya fita ba tare da ni ba. Na ba shi. Ruqayya tana bayan labule, ta ji komai. Bayan ya fita ta ce, "Malam, anya?" Na ce Gwadabe ne fa.

Alhamis, 18 ga Agusta

Jiki ya yi sauƙi. Gwadabe ya aiko da madubin ta hannun wani, bai zo da kansa ba. An mayar da shi cikin kubensa a karkace, kamar wanda aka cusa da sauri.

Asabar, 20 ga Agusta

Ina rumfa aka aiko daga mai unguwar gindin Dala, wai in je jibi da hantsi, in zo da madubina. Ɗan aiken bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba.

Na bi ta rumfar Gwadabe. A rufe.

Litinin, 22 ga Agusta

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban soma canza shi a raina ba.

Zauren ya cika. Mai unguwa, dattawa, Alhaji Lawal a kan buzu yana jan carbi da ƙarfi. Gwadabe yana can jikin bango, shi ma an kira shi. Alhaji ya ce ranar Talata da yamma iyalinsa suna tsakar gida, wasu ko mayafi babu, suka ga wani abu yana walƙiya a kan dutse. Suka lura, mutum ne kwance a kan ciki ya miƙo ƙarfe wajensu. Kafin a hau ya gudu ta ɗaya gefen. Ba a ga fuska ba. Amma madubi irin wannan guda nawa ne a birni?

Ni ba ni yake nema ba, na gane tun daga kallon da yake yi wa bango. Ya ce, "Malam Abdussalam, na san mahaifinka, na san gidanku. Ba na zaton kai ne. Faɗi wanda ka ba, ka tashi ka tafi."

Da na faɗa, shi ke nan maganar 'Yardada. Wane alƙali zai ba mai leƙen matan aure riƙon yarinya? Sai na yi shiru. Na ce a raina, in na yi shiru, Gwadabe zai ce ya san ni tun muna yara, ba halina ba ne, wataƙila wani ne ya ɗauka. A yi ta juya magana har ta mutu. Abin da nake jira ke nan daga gare shi, ba ƙari.

Mai unguwa ya juya ya ce, "Kai Gwadabe, kai ne abokin hawansa. Ka taɓa aron abin nan?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

To, wannan na yafe tun kafin ya rufe baki. Tsoro ne. Amma bai tsaya nan ba. Ba wanda ya sake tambayarsa komai, shi da kansa ya ƙara:

"Na sha yi masa faɗa a kan juya shi cikin gidajen mutane. Ba ya ji."

Na sha yi masa faɗa.

Na dube shi. Yana kallon yatsun ƙafarsa. Zauren ya ɗauki salati. Wani dattijo ya ce, "Ashe, ashe." Na buɗe baki, ban san abin da ya hana maganar fita ba. Ba kirki ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya. Kamar an buge ni a ƙirji ne kawai.

Mai unguwa ya karɓe madubin. Ya ce albarkacin mahaifina ba za a kai ni gaba ba, amma kada a ƙara ganina a kan Dala.

Talata, 23 ga Agusta

Ban fita ba.

Laraba, 24 ga Agusta

Na gaya wa Umma da Ruqayya duk yadda aka yi. Umma ta tambaya ko sun bar kuben madubin ko shi ma sun riƙe. Na ce sun riƙe. Ta shiga ɗaki.

Ruqayya ba ta yi shiru ba. "Ni na ji da kunnena lokacin da ya roƙa. Ka koma ka faɗa. In ba za ka iya ba, ni a kira ni." Na ce yarinyar fa? Ta ce, "Yarinyar tana da uwa, tana da uba. Ni wa nake da shi in an ce mijina ɗan leƙe ne?"



Juma'a, 2 ga Satumba

Mutum uku sun zo sun karɓi agogunansu ba a gyara ba. Ɗaya ya ce wai ya fasa ne kawai. Agogon masallacin unguwa, wanda ni nake saita shi tun ina saurayi, an ba wani ya riƙa kula da shi. Liman bai gaya mini ba, ladan ne ya faɗa yana kallon gefe.

A sahu ba wanda ya guje ni. Sai dai ana gama sallama kowa ya sami abin da zai gyara a rigarsa.

Bayan la'asar ƙafata ta ɗauki hanyar Dala da kanta. Sai da na kai kasuwar Kurmi na tuna an hana ni.

Talata, 6 ga Satumba

Maƙwabcinmu ya ƙara wa katangarsa tsawo ta ɓangarenmu. Da damina! Ƙasar ko bushewa ba za ta yi ba. Ina jin maginin yana dariya.

Asabar, 10 ga Satumba

Ruqayya ta je suna a Gwale ta dawo tun kafin a raba abinci. Wata ta ce, da ƙarfi don a ji, "Ku rufa, matar mai madubi ta shigo, kada ta kai rahoto." Aka yi shewa. Ta shigo gida ba ta cire mayafi ba, ta zauna a bakin gado har magariba.

Lahadi, 11 ga Satumba

Mahaifinta, Baba Ali, ya aiko a tafi da ita, wai ta kwana biyu a gida. Ba ta yi gardama ba. A zaure ta tsaya ta ce, "Ka zaɓe shi a kaina, shi kuma ya zaɓi kansa a kanka. Ka zauna ka yi tunani."

Gidan ya yi girma.

Alhamis, 15 ga Satumba

Na gan shi. A bakin kasuwa, yana tafe da fatu a kafaɗa. Ya hango ni, ya juya ya shige wani lungu da na san ba ya ɓullewa. Na tsaya a bakin lungun. Ina jin numfashinsa ko nawa, ban sani ba. Na daɗe a tsaye. Sannan na wuce.

Abin da ke cina ba ƙaryar farko ba ce. Ta biyun. Wa ya tambaye shi? Na juya ta ta kowace fuska. Ko ya ga Alhaji bai gamsu ba, ya ce bari ya danna ni sosai don a daina dubansa. Wato ya auna, ya ga ni ne abin da zai iya takawa ya haye. Ya san ba zan yi magana ba. Sanin da ya yi mini shi ya yi aiki da shi.

Shekara nawa ina raba masa abincina. Ranar da ya saki Mero a ɗakina ya kwana yana kuka kamar yaro.

Laraba, 21 ga Satumba

Alhaji Lawal ya zo rumfata da kansa, da agogon aljihu wanda lafiyarsa ƙalau. Ya zauna, ya ba ni goro fari. Ya ce shi har yanzu bai yarda ni ne ba. Ya ce kalma ɗaya zan faɗa gaban mai unguwa, a dawo mini da madubi, shi kuma ya tashi a masallaci ya wanke ni da bakinsa. "Ka san wanda kake rufa wa asiri bai rufa naka ba," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa. Na ce zan yi tunani.

Da zai tafi ya ce, "Yarinyar nan ba abin da ta rasa a gidana." Wannan ma ina jin gaskiya ne. Ba mugu ba ne. An leƙa masa gida, kowa ma zai ji zafi.

Juma'a, 23 ga Satumba

Gobe zan je in faɗa. Na gama shawara. Me ya rage tsakanina da shi?

Asabar, 24 ga Satumba

Na yi wanka, na sa farar riga, na kama hanya. Na kai har ƙofar mai unguwa, ina jin muryoyi a zaure. Daga nan in ka ɗaga kai dutsen yana bisa kanka, ja, da ciyawa kore a kafaɗunsa, awaki suna hawa. Na tsaya ina shirya yadda zan fara.

Sai na ga ba zan iya faɗin rabi ba. In na ce shi na ba, za a ce don me, in ce don ya ga 'yarsa, a ce ka san da haka, in ce na sani tun tuni, a gabana yake yi ina gyara takalmi. Matan gidan Alhaji ba su san da uzurin kowa ba, su dai an kalle su. Madubina ne, dokata ce, ni na kau da kai.

Wannan bai wanke shi ba. Ko kaɗan. Amma na dawo gida ban shiga ba.

Umma ta ga rigar ta ce, "Ka faɗa?" Na ce a'a. Ta ce, "To cire, kada ta yi datti."

Litinin, 3 ga Oktoba

Na je gaida Baba Ali. Ya amsa a taƙaice, bai ce in shiga ba. Na ji muryar Ruqayya a ciki tana yi wa wani yaro faɗa. Ko muryar ma na gode.

Talata, 11 ga Oktoba

Aiki ya ragu ƙwarai. Na wuni ina kwance agogon Umma ina mayarwa don kada hannu ya manta.

Alhamis, 20 ga Oktoba

An ce alƙali ya yanke. An ba Gwadabe 'Yardada, za ta zauna wurin kakarta, ta riƙa zuwa wurin uwarta. A bakin mai shayi na ji, ba ni ake gaya wa ba.

To. Ya samu. Da fatata aka ɗinka masa.

Na yi zaton zan ji wani abu mai kama da daɗi. Ban ji ba. Na yi ta tunanin Mero, yau ita aka raba da 'ya, kuma da hannuna a ciki.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Ruqayya ta dawo! Da yamma, ƙaninta ya rako ta da ƙullin kayanta. Baba Ali ya aiko da gaisuwa, har da tsarabar dabino wa Umma.

Sai da ta huta ta gaya mini. Shekaranjiya Gwadabe ya je wurin Baba, ya durƙusa a zaure, ya faɗi komai. Tana bayan ƙofa tana ji. Ya ce shi ya ara, shi ya leƙa, shi ya yi ƙarya. Baba ya ce to ya je ya faɗa gaban mai unguwa. Ya ce ba zai iya ba, za a karɓe yarinyar. Ya roƙi Baba ya bar maganar a zauren.

Wato ya wanke ni a ɗaki ɗaya, ya bar ni da dattina a sauran gari. Ya auna wannan ma.

Na tambaye ta ko ya faɗi dalilin ƙarin da ya yi, na "na sha yi masa faɗa". Ta ce Baba ya tambaye shi. Ya ce bai sani ba, bakinsa ne ya tafi. Shi ke nan abin da ya ce.

Ruqayya ta ce ba don ta huce ta dawo ba. Ta ce, "Har yanzu ina ganin wauta ka yi." Ta ɗora tukunya.

Laraba, 26 ga Oktoba

Mai unguwa ya aiko da madubin, wai Baba Ali ya sa baki. Ɗan aiken ya ce an janye hanin hawa, amma in bar abin a gida. Gilashin gaba ya tsage daga gefe zuwa gefe, an ce yara ne suka yi wasa da shi. Na sa ido, komai biyu-biyu. Babu mai irin gilashin nan a Kano.

Umma ta karɓa, ta goge shi da gefen zanenta, ta sa a ƙasan adaka. Ba ta ce a kai gyara ba, ni ma ban ce ba.

Litinin, 31 ga Oktoba

Na tarar da sabon kube na jar fata a rataye a ƙofar rumfa, daidai tsawon madubin. Na san ɗinkin. Ban taɓa shi ba, na bar shi a nan ya wuni. Da zan rufe na ga ba daidai ba ne a bar fata a waje ɓeraye su ci, na jefa shi ƙarƙashin teburi.

Kube. Na madubin da ba ya gani.

Asabar, 5 ga Nuwamba

Takutaha, bikin cika mako da Mauludi. Tun safe gari yake ta kwarara zuwa Dala, yara da sababbin kaya, 'yan mata da lalle, masu alewa da masu rake sun kafa a gindin dutsen. Na ce ba za ni ba. Umma ta ce tun da aka haife ni ban taɓa fashin hawan Takutaha ba, kuma wanda ya ɓuya yau ya amsa laifi. Na tafi don ta bar ni.

Na hau ta gefen da ba cunkoso. Wasu sun gan ni sun taɓa juna. Wani ya ce, "Yau ba a zo da shi ba?" aka yi dariya. Wani tsoho kuma da ban sani ba ya miƙo mini hannu muka gaisa sosai. Na sami dutsen da nake zama na zauna. Gero duk an girbe, gonakin cikin ganuwa sun koma fari. Da ido kawai garin ya fi faɗi, na manta haka yake.

Ban ga zuwansu ba, murya na ji a bayana kaɗan. Gwadabe, da yarinyar a wuyansa, ta riƙe masa kunnuwa. Ya rame. Ya gan ni, ya tsaya cak, bai matso ba, bai kuma juya ba. Na mayar da ido gabas.

Yarinyar tana ta tambaya. Wancan mene ne, wancan fa. Sai ta ce, "Baba, ina gidan Inna?" Gidan yana nan ƙasa, kusa, amma bai dubi wajen ba, ya ce mata daga nan ba a gani. Ta ce to ina gidan Kaka, inda take kwana yanzu. Ya miƙa hannu yana nuna mata wajen Gwale. Gwale! Mutum a haife shi a Koki ya nuna Gwale. Ta ce ba ta gani ba, ya sake nuna wani wurin, shi ma ba daidai ba. Ta soma ɓata fuska za ta yi kuka.

Na ce, ban juya ba, "Bi ƙubbar masallaci ki yi hagu. Kin ga dogon rimin can? Gidan yana bayansa."

Ta ce, "Na gani!" Ƙarya take, ba ta ga komai ba, amma ta yi ta tafi da hannu.

Ya ce, a hankali, "Abdu."

Ban amsa ba. Ban kuma tashi ba, don rana ta yi sanyi, wurin da daɗin zama, kuma ni na riga su zuwa. Sun zauna can gefe. Ta zo ta ba ni guntun rakenta duk yawu, na karɓa.

Ruqayya ta tambaya ko na ga wani a can. Na ce mutane da yawa.

Da yarinyar na yi magana, ba da shi ba.